Matar da ta Ƙago Biskit Mai Cakulan

Kowace ƙasa da irin kayan zaƙin da mata kan yi a cikin gida. A ƙasar Hausa akwai alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda akan cika garar amarya da su. A Amurka kuwa, cikin kayan zaƙin da akan gasa a gida, da wuya a sami wanda ya kai wani ɗan biskit farin jini. Shi wannan biskit kewayayye ne, bai fi tafin hannun yaro faɗi ba. Gefensa garas-garas, cikinsa da laushi, ga gutsattsarin cakulan ɗigo-ɗigo a jikinsa kamar zanen zabo. Uwaye kan gasa shi, yara su tarar da shi da ɗuminsa in sun taso daga makaranta, su ci su kora da madara.

Ba wanda ya san sunan matar da ta fara murza alkaki, ko wadda ta fara daka nakiya. Sunayensu sun ɓace tun zamanin kakannin kakanni. Amma biskit ɗin nan an san wadda ta ƙago shi, an san garin da ta yi shi, an kuma san lokacin. Sunanta Ruth Wakefield. Abin mamaki, duk da haka labari biyu ake bayarwa game da yadda ta ƙago shi. Ɗaya ya ce sa'a ce kurum ta faɗo mata. Ɗaya kuwa ya ce sani ne da aiki. Ya kamata a duba a ga wanne ne na gaskiya, domin bambancin da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne.

Ruth da Gidan Abincinta

An haifi Ruth a 1903, a jihar Massachusetts, can arewa maso gabashin Amurka, a bakin teku, ƙasar da dusar ƙanƙara kan rufe lokacin sanyi. Da ta girma ta shiga kwalejin horon malamai a garin Framingham, ta karanta ilimin tattalin gida, watau dafa abinci, da sanin abin da ke gina jiki, da lissafin cefane. Ta gama a 1924. Daga nan ta koyar a makarantar sakandare, ta kuma yi aikin tsara abincin marasa lafiya a asibiti. Aikin nan na asibiti ba ya son ganganci. Kome sai an auna, an rubuta, domin wanda likita ya hana wa gishiri ba a ba shi ko kaɗan bisa kuskure.

A 1930 ita da mijinta Kenneth suka sayi wani tsohon gida a garin Whitman, a kan hanyar da ta tashi daga Boston zuwa New Bedford. Suka gyara shi, suka mai da shi gidan abinci, suka sa masa suna Toll House, watau gidan karɓar kuɗin hanya. Lokacin kuwa ba na buɗe sabuwar sana'a ba ne. Tun 1929 kasuwa ta faɗi a Amurka, bankuna suna ta rushewa, masana'antu suna rufewa, miliyoyin mutane sun rasa aikin yi. Wanda ke neman abin sawa a bakin salati, ina shi ina zuwa gidan abinci?

Duk da haka suka fara, da tebur 7 tak. Ruth ce ke tsara abin da za a dafa. Matafiya suka ci, suka ji daɗi, suka kai labari gaba. Sannu a hankali tebur 7 suka zama fiye da 60. Al'adar Turawa ce in an gama cin abinci a kawo ɗan abin zaƙi a rufe da shi, a nan kuwa gidan ya fi yin suna. Mutane suka yi ta tambayar yadda ake yin kaza da kaza, har Ruth ta tattara girke-girkenta ta yi littafi, aka yi ta buga shi ana sake bugawa.

Mene ne Cakulan?

Kafin a gane abin da Ruth ta yi, sai an san abin da ta yi aiki da shi. Ana yin cakulan daga 'ya'yan wani itace da ake kira koko. Kada a ɗauka kokon da akan sha da ƙosai ne, wannan na gero ne, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Shi itacen koko ɗan'uwan itacen goro ne, danginsu ɗaya, dukansu kuwa suna son inuwar kurmi da ruwan sama mai yawa. 'Ya'yansa ba a ƙarshen rassa suke fitowa ba, a jikin kututture da manyan rassa suke rataye. Kowane ɗa kamar ƙaramar gwanda yake, in an fasa shi a tarar da ƙwaya 30 zuwa 40 cikin wani farin abu mai yauƙi.

Asalin itacen daga kurmin Amazon ne, a Amurka ta Kudu. Mutanen da na ƙasar Meziko, watau Maya da Aztek, sukan niƙa ƙwayar su dama da ruwa, wani lokaci har da barkono, su sha da ɗacinsa. Saboda darajarta, har ciniki suke yi da ita a kasuwa, kamar yadda aka yi da wuri a ƙasar Hausa. Mutanen Sifen suka kai ta Turai bayan shekara ta 1500, aka zuba mata sukari, ta zama abin shan sarakai da attajirai.

An daɗe ana shan koko kafin a iya taunarsa. A 1828 wani mutumin Holan mai suna Van Houten ya sami hanyar matse ƙwayar da inji, mai ya fita daban, gari ya rage daban. A 1847 kamfanin Fry na birnin Bristol a Ingila ya haɗa garin da man da sukari, ya zuba a mazubi, ya daskare ya zama sanda. A 1875 wani mutumin Suwizalan, Daniel Peter, ya ƙara masa madara. Cakulan ke nan irin wanda yara suka sani yau.

Sirrin cakulan yana cikin man nan. Man koko kamar man kaɗe yake, a wuri mai sanyi yana da tauri, in ya ji ɗumi ya narke. Yana narkewa a wajen digiri 34, zafin jikin mutum kuwa digiri 37 ne. Shi ya sa sandar cakulan takan karye ƙas a hannu, amma da an sa ta a baki sai ta narke a kan harshe. A riƙe wannan, za a bukace shi nan gaba.

Yadda Ta Ƙago Shi

A zamanin Ruth, matan Amurka sun riga sun saba sa cakulan cikin kek da biskit. Amma yawanci narka shi suke yi tukuna, su zuba cikin kwaɓi, ya gauraye, abin ya fito baƙi gaba ɗaya, ko'ina ɗanɗano iri ɗaya.

A Toll House akwai wani siririn biskit na bota da jan sukari da gyaɗar itace, wanda akan kawo wa baƙi tare da askirim. Mutane suna sonsa ƙwarai. Da wata ce, sai ta ce tun da ana so, shi ke nan, a bar shi haka. Ruth kuwa ta faɗa da bakinta daga baya cewa so ta yi ta ba baƙinta wani abu dabam. Sai ta ɗauki sandar cakulan ta kamfanin Nestlé, irin mai ɗan ɗaci, wadda zaƙinta bai yi yawa ba. Ba ta narka ta ba. Ta sassare ta gutsu-gutsu, kowane gutsure kamar ƙwayar wake, ta zuba cikin kwaɓin, ta gasa.

Da aka fito da faranti daga tanderu, sai ga sabon abu. Jikin biskit ja-ja-ja, da ƙanshin bota, gutsattsarin cakulan kuwa kowane na zaune wurinsa, ya yi laushi amma bai bazu ba. In mutum ya gatsa, nan ya ji zaƙi, nan ya ji ɗan ɗaci, nan garas, nan laushi, duk a loma ɗaya. A 1938 ta sa bayanin yadda ake yinsa cikin sabon bugun littafinta, da awon kowane abu daki-daki.

Labarin Sa'a

To, ga ɗaya labarin, wanda ya fi yawo a bakin mutane. Wai ran nan Ruth na cikin kwaɓi sai ta ga cakulan da takan narka ya ƙare. Wai sai ta kakkarya wata sanda ta watsa a ciki, tana zaton zafin tanderu zai narka ta ta gauraye da kwaɓin, ashe ba haka ba. Waɗansu ma suka ce ba ita ta zuba ba, wai injin kwaɓi ne ya yi ta girgiza, har sandunan cakulan suka faɗo daga kanta zuwa cikin kwano.

Labarin da daɗin ji, amma in an auna shi ba ya tsayawa. Da fari, matar da ta yi karatun abinci a kwaleji, ta koyar da shi, ta kuma shekara takwas tana ciyar da ɗaruruwan baƙi, ba za ta kasa sanin halin cakulan a cikin wuta ba. Gaskiya ne cakulan yana narkewa a tanderu, tun da ɗumin baki ma yana narka shi. Amma narkewa daban, gaurayewa daban. Narkakken cakulan yana da kauri, ba ya gudu kamar ruwa, kwaɓin biskit kuwa yana da ƙarfi, ya kewaye kowane gutsure kamar ganuwa. Ba mai juyawa a cikin tanderu, saboda haka gutsuren yakan narke a ɗakinsa, in ya huce ya sake daskarewa a nan. Duk wadda ta daɗe a madafa ta san haka.

Na biyu, gidan abincin da ya yi suna saboda tsari ba ya wayar gari ya ga kayan aikinsa sun ƙare ba labari. Na uku kuwa, wanda ya fi duka, ita mai abin ta ce da gangan ta yi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Me ya sa mutane suka fi son labarin sa'a? Dalili ɗaya shi ne, labarin sa'a yana kwantar wa rago da hankali. In abin kirki faɗowa yake yi daga kanta, to, ba sai an yi karatu ba, ba sai an gwada an sake gwadawa ba, sai a zauna a jira. Dalili na biyu ya fi wannan muni. In namiji ya ƙera inji, akan ce gwani ne, ya yi tunani. In mace ta ƙago abu a madafa, sai a ce katari ta yi, kamar dai aikin madafa ba ilimi ba ne. Wanda ya ce sa'a ce ta ba Ruth biskit ɗinta, ya ƙwace mata shekarun karatunta da na aikinta ke nan, ko da bai nufa ba.

Yadda Ya Bazu

Jaridun Boston suka buga yadda ake yin biskit ɗin, matan gida suka kama. Kamfanin Nestlé ya lura sandunan cakulan ɗinsa suna ƙarewa a kantunan wannan yanki fiye da ko'ina. A 1939 suka yi yarjejeniya da Ruth, ta yarda su riƙa buga girkinta da sunan Toll House a bayan takardar cakulan ɗinsu. An ce dala ɗaya tak aka biya ta, da alkawarin cakulan iyakar ranta. Da fari kamfanin ya riƙa tsaga sandar layi-layi don ta yi sauƙin karyawa. Ba a daɗe ba ya fara yin cakulan ƙanana-ƙanana masu tsini, a zuba kurum ba sai an sara ba.

A 1941 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Samarin Massachusetts suka tafi fagen fama a ƙasashe masu nisa, uwayensu da matansu suka riƙa gasa biskit ɗin suna aika musu cikin akwati. Soja ba ya cin abu shi kaɗai, sai ya gutsura wa na kusa da shi. Waɗanda suka ɗanɗana suka rubuta wasiƙa gida, kowa na cewa a yi masa irinsa. Ta haka biskit ɗin ƙaramin gari ɗaya ya shiga gidajen ƙasar duka, daga baya ya haye teku.

A nan lalle akwai rabo. Ba Ruth ta shirya yaƙi ba, ba ita ta sa sojoji rubuta wasiƙa ba. Amma da biskit ɗin ba shi da daɗi, ba wanda zai nema. Da kuma ba ta rubuta awonsa daidai ba, matar da ke nisan mil dubu ba za ta iya yin irinsa ba. Rabo ya zo, ya tarar da aiki a gama.

Yadda Ake Yinsa

Ga kayan da akan tanada, bisa awon da ake bugawa a bayan takardar cakulan ɗin nan: fulawa kofi 2 da kwata, bota kofi 1, farin sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, jan sukari shi ma haka, ƙwai 2, gishiri cokalin shayi 1, bekin soda cokalin shayi 1, ruwan banila mai ƙanshi cokalin shayi 1, gutsattsarin cakulan kofi 2, da gyaɗar itace kofi 1. Inda babu gyaɗar itace, soyayyar gyaɗa da aka ɓarza ta wadatar. Wannan awo yakan ba da biskit wajen 60. Kofin da aka fara awo da shi, da shi za a gama, kuma a shafe bakinsa, kada a yi masa tozo.

Da fari a wanke hannu. A zuba bota da sukari iri biyun nan a kwano, a yi ta bugawa da muciya har su yi haske su yi laushi. A fasa ƙwai ɗaya a buga, sa'an nan a fasa na biyun, a zuba banila. A wani kwano dabam a gauraya fulawa da gishiri da soda, a riƙa zuba su kaɗan-kaɗan cikin na farkon ana juyawa. Da farin fulawa ya ɓace, a tsaya. Daga ƙarshe a zuba cakulan da gyaɗa. A riƙa ɗiba da cokali ana ɗorawa a faranti, a bar fili tsakani, domin kowane curi zai baje. A gasa a tanderu mai zafin digiri 190, minti 9 zuwa 11. In gefe ya yi ja, a fitar, ko da tsakiya na da sauran laushi. A bar shi ya ɗan huce a farantin, zai ƙarasa kansa.

Kowane abu a cikin kwanon nan da aikinsa. In ana buga bota da sukari, ƙwayoyin sukari suna huda botar, iska na shiga, shi ke hana biskit zama kamar dutse. Bekin soda farin gari ne, ɗan'uwan kanwa. In ya gamu da ɗan tsamin da ke cikin jan sukari, sai ya fid da iska, kwaɓin ya kumbura. In ya yi yawa kuwa, biskit ya yi bauri kamar an sa sabulu. Jan sukari, wanda ya yi kama da mazarƙwaila, yana riƙe danshi, shi ke kawo laushi. Farin sukari shi ke kawo garas-garas. Ƙwai yana ɗaure kayan wuri ɗaya. Gishiri kuwa, ko da yake abin zaƙi ake yi, in babu shi zaƙin sai ya yi lami. Fulawa tana da wani danƙo da ke tashi in an cika juya ta. Mai burodi yana son danƙon nan, mai biskit ba ya so, shi ya sa aka ce a tsaya da wuri.

A Toll House akan ajiye kwaɓin a wuri mai sanyi ya kwana kafin a gasa. Ruth ta rubuta haka a wani bugun littafinta na baya. Cikin dare fulawa takan tsotse danshin ƙwai, bota ta yi tauri, saboda haka biskit ba ya bajewa da yawa, ɗanɗanonsa kuma ya fi zama. A ƙasa mai zafi wannan dabara ta fi amfani, domin bota ba ta jimre rana.

Gidan da babu tanderu ba a rasa hanya ba. Akan zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a rufe, a ɗora a wuta har ya yi zafi, sa'an nan a sa farantin a kan yashin, a mai da murfi, a ɗora 'yan garwashi a bisansa. Sai dai a gwada da biyu ko uku tukuna, a ga halin wutar. Yaro ba ya yin aikin wuta shi kaɗai, sai da babba a kusa. Kada kuma a lashi ɗanyen kwaɓi, domin ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa suna iya ɓata ciki. In an ci, a wanke baki, gama sukarin da ya kwana a haƙori shi ke kawo rami.

Mai tuwo tana iya ɗanɗana miya ta ƙara gishiri, ko ta ga tuwo ya yi ruwa ta ƙara gari. Mai gashi ba ta da wannan dama. In faranti ya shiga tanderu, magana ta ƙare, abin da aka auna shi za a gani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna gashi aikin sani ne.

Hannuwan da Ba a Gani

Ba hannun Ruth kaɗai ke cikin biskit ɗin nan ba. Itacen koko ba ya yi a ƙasar sanyi, ko ɗaya babu a Massachusetts. A 1879 wani maƙeri mutumin Gana, Tetteh Quarshie, ya shuka ƙwayoyin da ya zo da su daga tsibirin Fernando Po a garin Mampong. Manoma suka karɓa, kafin 1911 ta ƙare ƙasar ta wuce kowace ƙasa fid da koko. Yau wajen rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, ana kuma nomansa da yawa a kudancin Nijeriya da Kamaru.

Manomin koko yakan jira shekara 3 zuwa 5 kafin itacensa ya fara 'ya'ya. In sun nuna ya yanko su ɗaya-ɗaya, ya fasa, ya kwashe ƙwayar, ya tara ta tsibi, ya rufe da ganyen ayaba kamar kwana 6. A cikin kwanakin nan ƙwayar takan yi zafi ta ruɓa kaɗan, a nan ne ƙanshin cakulan ke fara samuwa. In an gajarta, sai ɗaci zalla. Bayan haka ya shanya ta a rana wajen mako guda, yana juyawa da hannu, yana tsince marar kyau. Wannan ma sani ne, ba sa'a ba. Ga shi kuwa da yawa daga manoman nan talakawa ne, waɗansu ba su taɓa sa cakulan a baki ba. Wani bincike da aka fitar a 2020 ya nuna yara fiye da miliyan ɗaya da rabi suna aikin da ya fi ƙarfinsu a gonakin koko na Kwaddibuwa da Gana. Yaron da ya sami cakulan ya kamata ya san da su.

Ƙarshen Gidan

Ruth da mijinta suka sayar da Toll House cikin shekarun 1960, suka huta. Ta rasu a 1977. A daren ƙarshe na shekarar 1984 gobara ta tashi, ta cinye gidan ƙurmus, ba a sake gina shi ba. Tanderun ya tafi, teburan sun tafi. Amma awon nan da ta rubuta wuta ba ta same shi ba, domin ya riga ya shiga gidaje dubu bisa dubu. A 1997 jihar Massachusetts ta yi doka ta ɗauki wannan biskit a matsayin biskit ɗin jiha. Waɗanda suka kawo shawarar kuwa ba manya ba ne, 'yan aji uku ne na wata makarantar firamare a garin Somerset.

A kowane gari akwai irin Ruth, sai dai ba a rubuta sunayensu ba. Tsohuwar da alkakinta ba ya taɓa ɓaci, in an tambaya akan ce hannunta ne ke da kyau. Amma wanda ya zauna kusa da ita ya lura, zai ga ta san kwanakin da kwaɓi ke bukata kafin ya yi tsami, ta san zafin mai da ido, ta san lokacin da za a tsoma cikin zuma. Ta ɓata da yawa tana yarinya kafin ta iya. Kyan hannun nan da ake faɗi, shekaru ne na lura da gwaji. Yaron da ya iya rubutu yana iya yi mata abin da Ruth ta yi wa kanta: ya zauna gabanta da takarda da fensir, ya tambaye ta awo da lokaci, ya rubuta, ya sa sunanta a sama. Hausawa sun ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda ya yi gudun kuwa, ya cancanta a faɗi sunansa.

Tambayoyi

1. Wane irin karatu Ruth Wakefield ta yi, kuma waɗanne ayyuka ta yi kafin 1930?
2. Me ya sa cakulan yake narkewa a baki, amma ba ya gaurayewa da kwaɓi a cikin tanderu?
3. Kawo dalilai uku da suka nuna labarin sa'a ba gaskiya ba ne.
4. Mene ne aikin bekin soda, da na ƙwai, da na gishiri a cikin biskit?
5. In ana son biskit 30 maimakon 60, ƙwai nawa za a fasa, kuma kofi nawa na cakulan za a zuba?
6. Tambayi wata babba a gidanku yadda ake yin alkaki ko nakiya ko dubulan, ka rubuta awon kowane abu da sunan wadda ta koya maka.